Shin Ƙwayoyin Homiyofati Suna Maganin Fargabar Tsayawa Gaban Jama'a?

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu, kuma nan da makonni shida zan kare kundina a gaban malamai. Duk lokacin da na tashi yin magana a gaban taro sai gabana ya yi ta faɗuwa, muryata ta kama rawa, yawu ya ƙafe, abin da na sani sarai ya ɓace mini. Wata abokiyar karatuna da ta zauna a Indiya ta ba ni wasu 'yan ƙananan fararen ƙwayoyi masu zaƙi, an rubuta Gelsemium 30C a jikin kwalbar, ta ce maganin homiyofati ne kuma ba shi da illa. Na tsotsi biyar kafin seminar da ta gabata, na kuma ji dama-dama. Da gaske suna aiki, in ci gaba da su?

Amsa: Malama, idan har abin da aka rubuta a jikin kwalbar gaskiya ne, to ƙwayoyin nan ba za su cutar da ke ba, domin babu komai a cikinsu sai sukari. Wannan dalilin kuma shi ne ya sa ba za su yi miki maganin fargaba ba. Sauƙin da kika ji ranar seminar ba ƙarya ba ne, kuma ba na so ki ɗauka ina musanta shi, sai dai ba daga cikin kwalbar ya fito ba. Makonni shida sun ishe ki yin abin da zai amfane ki da gaske, amma tukuna ya kamata ki san abin da ke hannunki.

Mutane da yawa suna ɗaukar homiyofati a matsayin maganin gargajiya na Turawa, wato ganye da saiwa da sassaƙe irin namu amma an zuba su a kwalba mai kyau. Ba haka ba ne. Maganin itace yana ɗauke da sinadarin itacen, ko ya yi amfani ko ya yi illa, shi kuwa homiyofati tsari ne na daban wanda wani likita Bajamushe mai suna Samuel Hahnemann ya ƙirƙiro. A shekarar 1790 ya sha ɓawon itacen sinkona, wanda daga gare shi ake samun kwinin, maganin masassarar cizon sauro, ya ce ya ji alamomi irin na masassarar cizon sauro alhali lafiyarsa ƙalau. Daga nan ya kafa ƙa'idarsa wadda ya wallafa a 1796, cewa abin da ke haifar da alamomin cuta ga mai lafiya shi ne zai warkar da mai wannan cutar. Tun da yake yawancin abubuwan da yake gwadawa guba ne, sai ya shiga sirka su da ruwa ko barasa yana girgizawa da ƙarfi, har ya zo ya yi imani cewa gwargwadon yawan sirki da girgiza gwargwadon ƙarfin magani. Ya kamata a yi masa adalci. A zamaninsa likitocin Turai suna zubar wa mara lafiya jini, suna ɗura masa zaiba da magungunan gudawa masu tsanani, saboda haka wanda aka bai wa ruwa da sukari aka bar jikinsa ya huta sau da yawa ya fi samun sauƙi. Nasarar homiyofati ta farko daga nan ta samo asali.

Yanzu ki dubi wannan 30C da ke jikin kwalbarki. Harafin C yana nufin an ɗauki ɗigo 1 na ruwan itacen an zuba a ɗigo 99 na ruwa ko barasa, an girgiza. Wannan shi ne 1C. Sai a ɗebi ɗigo 1 daga wannan a zuba a wani sabon 99, ya zama 2C, haka za a yi ta yi har sau 30. Kowane abu a duniya yana da iyakar ƙanƙanta, wato ƙwayar sinadari guda wadda ba a raba ta ta ci gaba da zama wannan abin, kuma masana kimiyyar sinadarai sun san adadin waɗannan ƙwayoyi a cikin kowane awo. Lissafi ya nuna cewa da an kai wajen 12C, zai yi wuya a sami ko ƙwaya guda ta itacen da aka fara da shi, sauran matakai 18 kuwa ruwa ne ake sirkawa da ruwa. Ko da a ce an jefa ƙwayar sinadari guda ɗaya tak a cikin dukkan tekunan duniya aka gauraya, wannan sirkin bai kai na 30C ba, bai ma yi kusa ba. Daga wannan ruwan ne ake ɗiga wa ƙwayoyin sukari, a bar su su bushe, a zuba a kwalba. Masu wannan tsari ba su musanta lissafin ba, abin da suke cewa shi ne ruwa yana riƙe da tasirin abin da ya taɓa shiga cikinsa. An yi iƙirarin tabbatar da haka a wani ɗakin gwaji a Faransa a 1988, amma da mujallar kimiyya ta Nature ta tura masu bincike aka sake gwajin ba tare da masu aunawa sun san wace kwalba ce wace ba, sai sakamakon ya ɓace.

Shi kansa Gelsemium wani tsiro ne mai yaɗo da furanni rawaya a kudu maso gabashin Amurka, kuma guba ne sosai. Wanda ya ci shi yakan ji kasala, jiri, karkarwa da nauyin fatar ido, idan ya yi yawa numfashi ya tsaya. Saboda waɗannan alamomi sun yi kama da na wanda taro ya yi wa kwarjini, shi ya sa aka zaɓe shi. Akwai 'yan uwansa da za a iya kawo miki gobe. Argentum nitricum ana ba mai gaggawa wanda cikinsa ke ɗurar ruwa yana zaryar bayi kafin taro, Aconitum ana ba mai firgita farat ɗaya, Lycopodium kuma an ce na wanda ke jin tsoro kafin ya fara ne amma da ya fara sai ya zarce lafiya. Ki lura da wannan siffa ta ƙarshe, domin ita ce siffar kusan kowane mai fargabar taro ko ya sha magani ko bai sha ba.

An gwada waɗannan magunguna a kan irin matsalarki kai tsaye. A birnin Grenoble na Faransa an raba mutane 180 masu lafiya gida uku, wasu aka ba su Gelsemium 5C, wasu 15C, wasu kuma ƙwayar wofi mai kama da su sak, ba tare da su ko masu binciken sun san wa ya sami me ba, sannan aka sa su wani gwaji mai tayar da hankali. Sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna babu bambanci tsakanin gidajen uku. Kafin nan, a 2003, an wallafa wani gwajin da aka yi a Ostireliya da Argentum nitricum a kan ɗaliban jami'a masu fargabar jarrabawa, shi ma bai fi ƙwayar wofi ba. Idan aka faɗaɗa zuwa homiyofati baki ɗaya, hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta duba bincike 176 a kan cututtuka 61, ta kuma bayyana a 2015 cewa babu cuta guda da aka sami ingantacciyar hujjar cewa yana warkarwa. Hukumar lafiya ta Ingila ta shawarci likitocinta a 2017 su daina rubuta shi, Faransa kuma, duk da cewa tana cikin ƙasashen da suka fi yin sa da shan sa, ta daina biyan kuɗinsa daga inshorar lafiya ta gwamnati tun daga 1 ga Janairun 2021. Abokiyarki ba yaudararki ta yi ba. A Indiya homiyofati yana da kwalejoji da digiri da asibitoci, yana kuma ƙarƙashin AYUSH, ma'aikatar gwamnati mai kula da magungunan gargajiya da makamantansu, da aka kafa a 2014, don haka wanda ya zauna can zai gan shi a matsayin magani kamar kowane. Amma amincewar gwamnati daban, sakamakon gwaji daban.

To me ya sa kika ji dama-dama? Fargabar magana a gaban jama'a tana da tafiyarta da aka sani. Takan hau tun ana saura kwanaki, ta kai ƙololuwa a 'yan mintunan da mutum ke jiran a kira sunansa da kuma minti na farko da ya buɗe baki, daga nan sai ta fara sauka da kanta, domin jiki ba ya iya riƙe wannan tashin hankali na tsawon lokaci. Duk abin da mutum ya sha a daidai ƙololuwar, shi zai yaba wa idan saukar ta zo. Ban da wannan, akwai tasirin sa rai. Kin karɓi abu daga hannun wadda kika yarda da ita, ta ce miki yana aiki, kin keɓe kin tsotse shi a hankali, kin ji kin yi wani abu game da matsalar maimakon zaman jiran ta. Wannan kaɗai yana rage fargaba, kuma fargaba tana cikin abubuwan da sa rai ya fi tasiri a kansu, saboda tsoron cewa za ki ji tsoro shi ne rabin matsalar. Sannan kada ki manta wannan ba seminarki ta farko ba ce, kuma kowace tsayuwa tana sauƙaƙa ta gaba.

Wani zai ce, tun da ba ta cutarwa kuma tana kwantar da hankali, a bar ta mana. Na fahimci wannan, kuma ba na ganin laifin wanda ya faɗa, amma ban yarda da shi ba a wannan matsalar ta musamman. Abin da ke warkar da fargabar taro shi ne ƙwaƙwalwa ta koyi cewa kin tsaya, gabanki ya faɗi, muryarki ta yi rawa, kuma babu abin da ya faru, kin gama lafiya. Idan akwai ƙwaya a tsakani, darasin da za ki ɗauka shi ne kin tsira ne saboda ƙwaya. Masu ilimin halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa irin waɗannan abubuwan dogaro, kamar riƙe takarda ana karantawa kalma bayan kalma ko ƙin ɗaga ido a dubi jama'a, suna ba da sauƙi a ranar amma suna raya tsoron. Ranar da kika manta kwalbar a gida, ko ta ƙare, fargabar za ta dawo da ƙari. Ke kika gabatar da seminar nan da iliminki da bakinki, bai kamata sukari ya tafi da yabon ba.

Akwai kuma wani gargaɗi. Kalmar homiyofati a jikin kwalba ba ta nufin babu komai a ciki koyaushe. Waɗanda aka rubuta wa 1X ko 2X ko 3X, wato waɗanda sirkinsu kaɗan ne, da ruwan asali wanda a Indiya ake sa wa harafin Q, suna ɗauke da sinadarin tsiron na gaske, kuma Gelsemium da Aconitum dukansu suna iya kisa. A 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tabbatar da cewa wasu ƙwayoyin homiyofati na haƙoran jarirai suna ɗauke da gubar wani tsiro mai suna belladonna a ma'auni marar daidaito, wani lokaci fiye da abin da aka rubuta. Na ruwa kuma galibi a cikin barasa ake adana su, har da ruwan furannin nan Rescue Remedy da ake yawan tallatawa don fargaba, ki duba jikin kwalba idan wannan ya dame ki.

Abin da ke faruwa a jikinki ba cuta ba ce. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, ko na zaki ne ko na idanun malamai, sai jiki ya saki sinadarin adirenalin. Zuciya ta ƙara gudu don ta kai jini ga tsokoki, tsokokin su ɗaure har su yi rawa, numfashi ya koma sama-sama a ƙirji wanda shi ke karya murya, aikin narkar da abinci ya tsaya shi ya sa yawu ke ƙafewa. Ɓacewar karatu kuwa tana zuwa ne saboda hankalinki ya rabu, rabi yana kan bayani, rabi yana sauraron bugun zuciyarki yana tambayar ko sun lura. Wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe abin da ake aiki da shi a take ƙarami ne, idan damuwa ta cika shi sai ilimin ya rasa hanyar fita, alhali yana nan bai je ko'ina ba.

Saboda haka aikin makonni shidan nan shi ne ki saba da tsayuwar, ba ki ƙara karanta kundin ba, domin kundin kin riga kin san shi fiye da duk wanda zai zauna a ɗakin. A makon farko ki gabatar da bayanin a tsaye, da murya sama, ke kaɗai a ɗaki, ki jingina waya a kan tebur tana ɗaukar ki. Karatu a zuci ba ya cikin lissafi. Ki kalli bidiyon ko da ba kya so, za ki ga rawar da kika ji kamar girgizar ƙasa da kyar ake ganin ta. An tabbatar da wannan a wani bincike na Savitsky da Gilovich a 2003, inda aka ga masu jawabi suna zaton fargabarsu ta fi bayyana fiye da yadda masu sauraro ke gani, kuma waɗanda aka sanar da su wannan gaskiyar sun fi yin jawabi mai kyau. A mako na biyu ki zaunar da mutum biyu na gida. Daga nan ki tara abokan karatu huɗu ko biyar, ki roƙe su kada su tausaya miki, su katse ki, su ɗaure fuska, ɗaya ya riƙa duba agogo, wani ya jefo tambayar da ba ki da amsarta, domin ki koyi cewa “Wannan bai shiga cikin abin da na bincika ba, amma ga abin da sakamakona ya nuna” ba tare da kin daburce ba. Idan zai yiwu, ki nemi mabuɗin ɗakin da za a yi zaman ki yi gwaji biyu a ciki, ki san inda za ki tsaya, inda allon yake, da yadda muryarki ke kaiwa kujerar ƙarshe. Duk wannan ki yi shi ba tare da ƙwayar ba, kuma kada ki jira fargabar ta tafi kafin ki fara, da ita za ki fara. Idan wani gwajin bai sa gabanki ya faɗi ko kaɗan ba, to ya yi sauƙi da yawa, ki ƙara masa wuya.

Jimloli uku ko huɗu na farko ki haddace su har su zama ba sai kin yi tunani ba, domin su ne za su ɗauke ki a minti mafi wuya. Sauran bayanin kada ki haddace shi kalma da kalma, ki riƙe jerin maganganun kawai, saboda mai hadda idan kalma ɗaya ta kuɓuce masa sai duka ya tsaya.

A ranar, kina zaune kina jira, ki ja numfashi ta hanci ki ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali ta baki ki ƙirga shida ko takwas, ki yi haka na minti biyu. Tsawaita fitar da numfashi yana rage gudun zuciya, kuma babu wanda zai lura kina yi. Kada ki ɓata ƙarfinki wajen tilasta wa kanki natsuwa. Alison Wood Brooks ta Jami'ar Harvard ta nuna a 2014 cewa waɗanda suka ce wa kansu suna cikin ɗoki kafin jawabi sun fi waɗanda suka ce wa kansu sun natsu yin abin kirki a idon masu sauraro, dalili kuwa shi ne ɗoki da fargaba jiki ɗaya suke amfani da shi, sauya wa abin suna ya fi kashe shi sauƙi. Ki ci abinci marar nauyi, ki aje ruwa kusa da ke, ki kuma rage shayi mai kauri, kofi, goro da lemukan ƙara kuzari, domin sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana ƙara bugun zuciya da karkarwar hannu. Idan ke Musulma ce, kin san addu'ar Annabi Musa a Suratu Ɗaha, lokacin da aka aike shi wurin Fir'auna ya roƙi a buɗa masa ƙirji, a sauƙaƙa masa al'amari, a warware ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa. Ba ta cin karo da komai a cikin abin da na lissafa.

Akwai maganin asibiti da ke aiki a kan alamomin jiki, kuma gara ki ji shi daga gare ni da ki ji shi a bakin ƙawaye. Sunansa Propranolol, maganin zuciya da hawan jini ne wanda Sir James Black ya samar a shekarun 1960, aikin da ya shiga cikin dalilan ba shi kyautar Nobel a 1988. Yana toshe wuraren da adirenalin ke kamawa, sai bugun zuciya da rawar hannu da ta murya su ragu, amma ba ya taɓa tunanin tsoro kuma ba ya sa maye. Makaɗa sun daɗe da sanin sa. A wani binciken da aka yi a 1987 a kan makaɗa fiye da 2,000 na manyan ƙungiyoyin kiɗa na okestira a Amurka, kashi 27 cikin 100 sun ce sun taɓa shan irin wannan magani, kuma mafi yawansu ba da takardar likita ba. Wannan na ƙarshen shi ne abin da ba na so ki kwaikwaya. Ga mai asma yana iya toshe numfashi har ya kai ga halaka, bai dace da mai jinkirin bugun zuciya ko saukar jini mai sa jiri (kishiyar hawan jini) ba, yana ɓoye alamun faɗuwar suga ga mai ciwon suga, kuma mai juna biyu dole ta faɗa wa likita. Idan likita ya auna ki ya ga ya dace, zai sa ki gwada shi a wata rana ta daban tukuna, ba a fara shan sa ranar kare kundi ba. Ni dai nakan ajiye shi ga wanda ya yi atisayen amma rawar jiki ta ƙi bari, domin shi ma yana iya zama abin dogaro.

Abin da zan hana ki kai tsaye shi ne Diazepam da danginsa, da Tramadol, da maganin tari mai kodin, waɗanda wani zai iya miƙo miki a kyamis da sunan maganin kwarjini. Suna dusashe tsoro, amma tare da shi suke dusashe tunani da saurin amsa, kuma su ne abin da kike buƙata idan malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya fara tambaya. Sabo da su kuma yana da sauri, kuma da yawa daga waɗanda suka faɗa shaye-shaye da irin wannan ƙaramin dalili suka fara.

Ki je asibiti tun yanzu, kada ki jira makonni shidan su wuce, idan fargabar ba ta tsaya ga taro kaɗai ba, wato tana hana ki cin abinci a gaban mutane, amsa waya, shiga ofishin malami ko zuwa biki, ko kuma ta taɓa sa ki janye daga wani kwas ko aiki. Wannan yana iya zama ciwon tsoron mu'amala da jama'a, kuma maganinsa na farko, kamar yadda NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya a Birtaniya, ta tsara a 2013, zama ne da ƙwararren masanin halayya wanda zai bi da ke ta hanyar gyaran tunani da fuskantar abin tsoro mataki-mataki, wani lokaci a haɗa da magani. Haka kuma idan zuciyarki na bugawa da sauri ko kina kwance babu abin da ke damunki, kina rama alhali kina cin abinci, zafi yana damunki fiye da kowa, hannunki na rawa kullum, to a auna miki sinadarin tayirod na maƙogwaro da kuma yawan jininki, domin yawan aikin tayirod da ƙarancin jini duka suna kwaikwayon fargaba. Idan kina shaƙar maganin asma irin Salbutamol ki ambata, shi ma yana sa karkarwa. Ki tafi da duk abin da kike sha, na asibiti da na gargajiya da wannan na abokiyarki, likitan ya gani da idonsa kafin ya rubuta miki komai.